Yadda Likitoci Suka Koyi Gane Cututtukan Tumbi da Hanji

Shekarun baya kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya yi ta fama da zubar jini in ya zaga bayan gida. Kowa ya ce basur ne, shi ma ya ce basur ne. Ya sha saiwoyi da sassaƙe iri iri har wajen shekara guda, yana ta ramewa. Da abin ya ci tura sai na kai shi asibiti. Likita ya duba shi, ya ce ya taɓo wani tsiro a ƙarshen hanji, yana so ya gutsuri kaɗan, kamar ƙwayar dawa, ya aika a duba masa. Kawu ya dube ni ya ce, "Kai ne ka yi boko. Me za su gani a ɗan naman nan wanda likita bai gani da idonsa ba?" Na rasa abin da zan ce masa. Ya ce tun da ni ma ban sani ba, to, ba mai yankar namansa yana da rai a kai wani gari. Muka koma gida. Bayan wata takwas muka komo, ya yarda aka gutsura, takarda ta zo da cewa ciwon daji ne, amma a sa'an nan ya riga ya bazu har ya wuce aikin wuƙa. Allah ya ji ƙansa.

Tambayar nan tasa ta tsaya mini a rai. Ita ta sa na bi labarin aikin nan tun daga tushensa, ga shi kuwa na rubuta abin da na samu, domin in wani ya yi wa mai karatu irin tambayar nan kada ya yi shiru kamar yadda na yi.

Zamanin da ba a ganin cuta sai bayan mutuwa

Ciki rufaffen ɗaki ne. Likitocin dā, komi gwanintarsu, iyakarsu su tambayi majiyyaci, su latsa cikinsa, su dubi harshensa da fitsarinsa, sa'an nan su yi ƙiyasi. Wanda ya fara kafa aikin bisa ƙa'ida wani malamin likita ne a birnin Padua na ƙasar Italiya, sunansa Morgagni. Shi ya kan rubuta duk abin da majiyyaci ya yi kuka da shi yana da rai, in ya mutu kuma a buɗe gawar a rubuta abin da aka tarar, sa'an nan a gwama rubutun biyu. A 1761, yana da shekara 79, ya fitar da littafi mai labarin mutum wajen 700. Abin da littafin ya nuna shi ne kowace cuta tana da mazauni, watau akwai gaɓar da ta ke zaune a cikinta.

Amma ido yana da iyaka. Labarin Nafoliyon, sarkin Faransa, ya isa misali. Bayan da aka ci shi da yaƙi Ingilishi suka tsare shi a tsibirin Sent Helena, can ya yi ta fama da ciwon ciki da amai. Mahaifinsa ya mutu a 1785 da ciwon tumbi, saboda haka ya yi wasiyya a buɗe cikinsa a duba, a gaya wa ɗansa abin da aka gani. Ya mutu ran 5 ga Mayu, 1821, yana da shekara 51. Kashegari likitansa Antommarchi ya buɗe gawar a gaban likitocin Ingilishi. Suka tarar da tumbin ya ci gyambo mai faɗi, har ya huje a wuri guda, hanta ta manne ta toshe hujin. Suka ce daji ne, amma suka saɓa a kan lafiyar hantar, har Antommarchi ya ƙi sa hannu a takardar Ingilishi ya rubuta tasa dabam. Ba wanda ya sa tsokar nan a madubi. Saboda haka gardama ta daɗe. A 1961 wani likitan haƙori na ƙasar Suwidin ya ce guba aka ba shi, gama an sami gubar asanik a gashinsa. Sai a 2008 masana a Italiya suka gwada gashin da aka aske masa tun yana yaro, da na ɗansa da na matarsa ta fari, suka tarar duk suna da gubar nan da yawa, domin ta cika kayan amfanin mutanen zamanin. Yawancin masana sun tsaya a kan ciwon dajin tumbi ne ya kashe shi.

Zuwan madubin likita

Madubin da ke ƙara girman ƙananan abubuwa ya riga Nafoliyon zuwa duniya. Wani mai sayar da tufafi a garin Delft na ƙasar Holan, Leeuwenhoek, ya kan goge gilasai da hannunsa, a wajen 1674 kuwa ya ga 'yan halittu suna iyo a cikin ɗigon ruwa. Amma madubin dā yana dusashe hoto, sai da aka gyara shi a wajen 1830 ya amfani likitoci sosai. Da shi aka gane jikin mutum duk ginin waɗansu ƙananan ƙwayoyi ne, kamar yadda a ke gina soro da tubali. A 1838 Johannes Müller na Jamus ya nuna ƙari ma da irin ƙwayoyin nan aka gina shi. Almajirinsa Virchow ya fitar da littafi a birnin Balin a 1858, inda ya ce kowace ƙwaya daga wata ƙwaya ta ke fitowa, cuta kuwa a cikin ƙwayoyin nan ta ke farawa. Watau Morgagni ya kai mu ƙofar gida, Virchow ya shigar da mu ɗaki.

Ga abin da mai duba ya kan gani. Bangon tumbi da na hanji hawa hawa ne: akwai shimfiɗa mai laushi daga ciki wadda abinci ke taɓawa, da wani hawa a ƙarƙashinta mai jijiyoyin jini, da hawan tsoka mai motsi, kana fatar waje. A lafiyayyen mutum ƙwayoyin shimfiɗar nan a jere su ke, kansu ɗaya, kowace a mazauninta. In daji ne sai a gan su a hargitse, wata babba wata ƙarama, tsakiyarsu ta yi girma ta yi duhu, suna hayayyafa ba tsari, suna kutsawa cikin hawan da ba nasu ba. Kutsawar nan ita ce babbar shaidar da ke raba daji da ƙari marar lahani.

Shi kansa Virchow aikin ya taɓa ba shi kunya. A 1887 Yariman Jamus, Frederick, muryarsa ta dushe. Wani likita daga Ingila, Morell Mackenzie, ya gutsuro tsiron da ke maƙogwaronsa aka kai wa Virchow, ya duba ya ce bai ga daji ba. Aka fasa aikin da likitocin Jamus suka yi niyya. Kafin ƙarshen shekara ta bayyana daji ne. Yarima ya hau gadon sarauta a Maris 1888, ya yi kwana 99 ya mutu. Wannan ya rage wa aikin daraja har shekaru, amma ya bar darasin da a ke koya wa likitoci har yanzu: mai duba ba ya iya shaidar abin da ba a kawo masa ba. In an gutsuro gefen ciwo aka bar tsakiyarsa, amsa za ta zo da kuskure. Don haka ne likita ya kan gutsuri wurare da dama, wani lokaci kuma ya ce a sake.

Wuƙa ta shiga ciki

Kafin a iya buɗe cikin mai rai sai da aka sami abu biyu. A 1846 aka nuna maganin sa barci a birnin Boston na Amurka, a 1867 kuma Lister na Ingila ya bayyana yadda a ke kashe ƙwayoyin cuta don kada rauni ya ruɓe. Ran 29 ga Janairu, 1881, a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, likita Billroth ya yanke ƙarshen tumbin wata mace mai shekara 43 wadda daji ya toshe mata mafitar abinci, ya ɗinke sauran da hanji. Ta tashi, ta ci abinci, ta koma gida. Bayan wajen wata huɗu ta mutu, gama ciwon ya riga ya yaɗu tun kafin aiki. Abin da aka yanke yana nan ajiye a gidan tarihin likitanci na birnin. Daga nan likitoci suka gane iya yanka kaɗai bai isa ba, sai an san irin ciwon da kuma inda ya kai.

Tsoka kuwa ba ta duɓuwa a madubi yadda ta ke, gama tana da kauri, tana da laushi, tana kuma ruɓewa. A 1893 wani likita a Frankfurt, Ferdinand Blum, yana gwada wani ruwa mai suna fomalin don kashe ƙwayoyin cuta, sai ya lura fatar yatsunsa ta yi tauri. Ya gwada shi a kan tsoka, ta ƙandare ba ta ruɓe ba. Shi ne ruwan nan mai warin yaji da a ke jefa ɗan naman a ciki har yau. Bayan ya jiƙu sai a tsane ruwan da ke cikinsa, a zuba masa narkakken kaki ya daskare, a sa a wata na'ura mai kaifi ta fere shi falle falle, kowane falle ya fi gashin kai siranta sau goma ko fiye. A shimfiɗa fallen a kan gilashi a rina shi, kamar dai aikin marina. Rini biyu a ka fi amfani da su: ɗaya daga itacen wata bishiya ta ƙasar Meksiko, shi ke mai da tsakiyar ƙwaya shuɗiya, ɗaya kuma ya mai da sauran jikinta ja-ja. Aikin nan duk shi ke sa amsa ta ɗauki kwanaki.

Akwai kuma sa'ad da ba a iya jiran kwanaki, watau majiyyaci na kwance an buɗe cikinsa, likita na so ya san ko ya yanke da yawa ko ya taƙaita. A garin Rochester na Amurka likita William Mayo ya nemi abokin aikinsa Louis Wilson ya samo dabara. A 1905 Wilson ya bayyana hanyar daskarar da tsoka da sanyi nan take, a fere ta, a rina, a ba da amsa cikin 'yan mintoci. Har yanzu a kan yi haka a manyan asibitoci, musamman don a tabbata ba a bar saura a bakin yanka ba.

Likita da magatakardansa

A birnin Landan akwai asibitin Sent Mark, wanda aikinsa cututtukan hanji da dubura. A 1922 aka ɗauki Cuthbert Dukes ya zama mai duba tsoka a can. Duk hanjin da aka yanko sai ya buɗe shi, ya zana surarsa, ya auna zurfin da ciwon ya ci, ya tsinto 'yan kaluluwar da ke kewaye ya duba su ɗaya ɗaya. Sa'an nan ya bi labarin mai hanjin shekara da shekaru, ko yana da rai ko ya mutu. A 1932 ya fitar da sakamako, ya kasa dajin ƙarshen hanji kashi uku. Kashi na A, ciwo bai wuce bangon hanji ba. Kashi na B, ya huda bango amma bai kai ga kaluluwa ba. Kashi na C, ya shiga kaluluwa. Yawancin mutanen kashi na fari sun daɗe a duniya bayan aiki, na kashi na uku kuwa kaɗan ne suka daɗe. Yanzu an sami lissafin da ya fi wannan filla-filla, amma a kan tushen nan aka gina shi, da shi kuma a ke yanke shawarar ko aiki ya isa ko sai an ƙara da magani.

Ni da aikina rubutu da ajiye takardu, akwai wanda labarinsa ya fi burge ni a asibitin nan. A 1924 wani yaro mai shekara 17, sunansa Bussey, ya shiga aiki a ƙarƙashin Dukes. A shekarar ce aka buɗe rajistar waɗansu iyalai masu gādon wata cuta, wadda ke sa tsiro ɗari ɗari su fito a babban hanji tun da ƙuruciya, in an bar su kuwa ɗaya ya rikiɗe ya zama daji. Bussey ya riƙe rajistar nan fiye da shekara hamsin, yana rubuta kaka da ɗa da jika, wane ya kamu, wane ya tsira. Da ita a ke kiran 'ya'yan gidajen nan a duba su tun ba su ji ciwo ba. A 1975 shi da Basil Morson, magajin Dukes, da wani likita ɗan Japan mai suna Muto, suka nuna yawancin dajin babban hanji daga ɗan tsiro marar lahani ya ke farawa, ya kan yi shekaru da yawa kafin ya rikiɗe. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. In an cire tsiron da wuri an tare dajin tun bai zo ba.

Leƙen ciki ba tare da yanka ba

Saura yadda za a kai ga tsiron ba a buɗe ciki ba. A 1868 likita Kussmaul na garin Freiburg a Jamus ya sami wani mai wasan haɗiye takobi, ya zura masa bututun ƙarfe mai tsawon kamu guda har tumbi, amma fitilarsa ba ta kai haske can ba. Aka yi ta gyara har 1957, sa'ad da Basil Hirschowitz, haifaffen Afirka ta Kudu mai aiki a jihar Mishigan ta Amurka, ya haɗa bututu mai lanƙwasa wanda zaren gilashi ke kai haske a cikinsa. Shi ya fara haɗiye shi da kansa kafin ya gwada a kan majiyyaci. A 1969 likitoci biyu a New York, Wolff da Shinya, suka fara bi ta dubura da irin bututun nan suna cire tsiro daga babban hanji. Tun daga nan ƙananan gutsattsarin tumbi da hanji na masu rai suka riƙa zuwa ɗakin madubi ba iyaka.

A cikin irin gutsattsarin nan ne aka yi wani babban gani. Littattafan likita sun daɗe suna cewa ba ƙwayar cutar da ke iya zama a tumbi saboda tsamin ruwansa, gyambon ciki kuwa damuwa da yawan tsami ke kawo shi. A Yuni 1979 Robin Warren, mai duba tsoka a asibitin birnin Perth na Ostireliya, ya ga waɗansu ƙananan ƙwayoyi masu lanƙwasa sun yi layi a kan shimfiɗar tumbin wani majiyyaci. Ya yi ta ganinsu, kullum kuwa tare da kumburi, amma abokan aikinsa ba su kula ba. A 1981 wani saurayin likita, Barry Marshall, ya haɗu da shi. Suka bi mutum 100, suka yi ta ƙoƙarin rainon ƙwayar a faranti ba ta tsiro ba, gama bayan kwana biyu a kan zubar da farantin. A hutun Ista na 1982 aka bar faranti kwana biyar, da aka komo sai ga ta ta tsiro. Duk da haka likitocin duniya suka ƙi yarda. A 1984 Marshall ya kwankwaɗi ruwan da ke cike da ƙwayar, bayan 'yan kwanaki ya kama amai, aka gutsuri tumbinsa aka tarar da kumburi da ƙwayar a ciki. Ita ce a ke kira Helicobacter pylori. A 1994 hukumar binciken daji ta Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin abubuwan da ke haddasa dajin tumbi, a 2005 kuma aka ba su biyun kyautar Nobel. Kusan rabin mutanen duniya na ɗauke da ita, yawancinsu ba ta kai su ga daji, amma ita ce babban sanadin gyambon ciki, maganin mako biyu kuwa ya kan kashe ta.

Amsar tambayar kawu

Yanzu na san abin da ya kamata in gaya masa. Cututtuka da yawa na hanji kamarsu ɗaya a ido da a hannu. Tarin fuka ya kan kama hanji ya yi dunƙule kamar daji. Ƙwayar atuni ta kan yi haka. Ƙwayayen tsutsar tsargiya, irin wadda ke zama a jijiyoyin hanji, su kan sa tsiro mai zubar da jini. Waɗannan uku duk akwai su a ƙasashenmu, duk kuwa magani na warkar da su. Akwai kuma wani kumburin hanji da likita Crohn da abokansa biyu suka bayyana a New York a 1932, wanda ya yi kama da tarin fukan hanji ƙwarai, maganinsa kuwa in an ba mai tarin fuka sai ya ƙara masa ciwo. Madubi da gwaje-gwajen da ke biye da shi su ke raba waɗannan. A fallen nan na gilashi a kan ga ƙwan tsutsa da ƙayarsa, a kan ga ƙwayar atuni ta haɗiyi jini, a kan ga ƙwayoyin daji da zurfin da suka kai. Alƙali ba ya yanke hukunci sai ya ji shaida, ɗan naman nan kuwa shi ne shaidar da ta fito daga wurin da abin ya faru.

Basur gaskiya ne, yana kuwa da yawa, amma ba kowane jini ne basur ba. Wanda ya ga jini a bayan gida ya ƙi ɗaukewa, ko bayan gidansa ya yi baƙi kamar kwalta, ko abinci ya riƙa tsaya masa a ƙirji, ko yana ramewa ba dalili, musamman in ya haura shekara arba'in, to, ya tafi asibiti tun yana tafiya da ƙafarsa. In likita ya ce zai gutsura a bar shi ya gutsura. In an yi wa mutum aiki an yanko wani abu, 'yan'uwansa su tambaya ko an aika da shi ɗakin madubi, kada a zubar ko a binne ba a duba ba. In takarda ta zo a karɓa, a nemi likita ya fassara ta da Hausa, a ajiye ta wuri mai kyau tare da takardun gona da na gida, gama wata rana wani likita zai neme ta, watakila ma 'ya'yan mai ita su bukace ta.

Ku da kuka fito daga ajin yaƙi da jahilci, yanzu ku ne masu karanta wa gida takarda, ku ne kuma za a waiwaya a tambaya a gaban likita. Tsakanin zuwanmu asibiti na fari da na biyu wata takwas ne. Ajali na Allah ne, amma har yau in na tuna na kan ce da na san labarin nan a ran nan, da ban bar kawu ya sa takalmansa ya fita ba.